Kwana Goman Da Garba Ya Ba Ni

Ya san abin nan ya mutu sa'ad da ya zura shi cikin rijiyar, ko bai sani ba? Da wannan tambayar nake kwana, da ita nake tashi. Na je har ƙasar Nijar na dawo ban sami mai amsa min ita ba.

Tun da na dawo, duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce, "Ige, ba mu labarin Dosso." Na faɗa har bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da Rabi, ɗiyar ƙanena, wadda ke aikin lafiya a nan Tambuwal, na ce ta rubuta sau ɗaya, mai so a karanta mata. Ni ban yi boko ba. Rabi tana gyara maganata tana mai da ita irin ta rediyo. Na ce ta yi, amma in na fara kuka ta dakata da alƙalamin.

Maigidana maginin rijiya ne. Ban faɗi sunansa yana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Ya fi shekara arba'in yana gina sababbi yana yasar tsofaffi, daga Tambuwal har ƙasar Kebbe, kuma shi ne babban masu sana'ar a nan. A da fitila yake zurawa da igiya kafin ya sauka. In ta kai ƙasa tana ci, iska na da kyau. In ta mutu, ba mai sauka. Ni ke zuba mata kananzir in gyara lagwani. Da injin zuƙe ruwa ya shigo sana'ar, fitila ta daina isa, domin cikin rijiyar ake rataye injin in tiyo bai kai ba, kuma hayaƙinsa yana kashe mutum fitila na ci lafiya lau. Sai wata ƙungiya ta raba musu wani abu kamar waya, mai caji, wanda ke kuka in iska ta lalace.

Bayan kaka aka kira shi yasar wata tsohuwar rijiya a Fakku. An jima ba a kawo wuta ba a lokacin. Aka zuƙe ruwa, ya zura abin, abin ya yi shiru, ya sauka. Da ƙugiya aka fito da shi. Daga baya aka duba aka ga babu caji a ciki ko kaɗan.

Ina cikin takaba takarda ta zo da sunansa, wai ana gayyatarsa Dosso. Wasu malaman jami'a sun ƙera abin gane iska wanda ba ya son batir, ba ya son caji, za su gwada shi tare da maginan rijiya na ƙasashen biyu. Na ce wa Garba, autana, ya je. Garba magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, shi ya gaji sana'ar. Ya ce, "Inna, na'ura ta kashe min uba, in tai neman wata?" Ya ce fitila ta ishe shi. Kuma ga bazara ta yi, ɗaya rijiyar mutanen Fakku ta ƙafe, sun zo har gida sau biyu, ya riga ya yi musu alkawari zai ƙarasa aikin ubansa.

Ranar da na fita takaba na ce masa ni zan je. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Na ce ya ba ni kwana goma kada ya sauka. Ya ce, "Goma, Inna. Na goma sha ɗaya da hantsi ni ka sauka, mutane na shan laka." Rabi ta nemi hutu, muka kama hanya.

Ban taɓa wuce Jega ba a rayuwata. Ƙaramar bas muka shiga, mu huɗu a layin mutum uku, da buhun albasa ƙarƙashin ƙafata. Kafin Kalgo na yi amai sau biyu. Wata mata mai tallan atamfa ta ba ni goro ta ce in riƙe a kumatu. Ta tambaye ni ina za ni, na ce Dosso, ta ce biki ko rasuwa, na ce na'ura zan ɗauko. Ta dubi Rabi, Rabi ta ɗaga mata kai, matar ba ta ƙara yi min magana ba har Bunza. Ina jin ta ɗauka asibitin ƙwaƙwalwa za a kai ni.

A Kamba muka kwana gidan wata abokiyar aikin Rabi. Da safe muka hau kabu-kabu zuwa iyaka. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya shiga yashi, babur ya kwanta da mu a hankali kamar saniya, takalmina ɗaya ya nutse. Muka tona muka tona bai fito ba. Da takalmi ɗaya na shiga ƙasar mutane.

A wajen namu ma'aikatan aka karɓi katunan shaida. Mutumin ya duba nawa ya ce, "Hajiya, ke ma ɗaya ga watan ɗaya aka haife ki?" Ashe mu tsofaffi biyar da ke layin duk rana ɗaya aka rubuta mana. Wani dattijo ya ce, "Ranar ungozoma ta sha aiki." A wajen nasu kuma jandarma ne, ya yi wa Rabi Faransanci, ta yi masa Turanci, suka tsaya suna kallon juna. Sai ya juyo ya ce min, "Tsohuwa, ina takalminki?" da Hausa irin ta gidan ubana. Na ce yana ƙasarmu. Ya ce to ai dole ki koma. Ya buga hatimi.

A Gaya Rabi ta saya min silifa. Daga nan zuwa Dosso hanya ce miƙaƙƙiya, ana tsayar da mu a sauka a nuna kati a koma. Na ƙirga sau huɗu, na daina. Wayar Rabi ta daina aiki tun iyaka, ba mu da labarin gida.

Masaukin da aka ba mu ɗaki ne mai gado biyu da fanka. Banɗakin yana cikin ɗakin, abin da ban taɓa gani ba, mutum ya yi salla ga masai kusa da kansa. Kuma na zama ne kamar kujera. Kwana biyu na farko na riƙa fita bayan gida na masu gadi, har matar da ke shara ta gane ta ajiye min buta a can. Da safe burodi suke kawowa dogo kamar tabarya, bayansa da tauri, ni kuma haƙorana saura kaɗan. Sai na jiƙa shi cikin shayi ya zama kamar kunu. Dambunsu na zogale kuwa ya fi namu, ba zan ɓoye ba. Furarsu ruwa-ruwa ce, ba yaji. Mata na tuƙa babur da goyo a baya ba mai waiwayensu. Da rana tsaka gari yakan mutu, a rufe ofis kowa ya kwanta, sai la'asar. Gaisuwar Zabarmawa kalma ɗaya na iya, fofo, da ita na yi sannu da na gode da ban kwana.

Wajen taron maza ne zalla, maginan rijiya, kana ganin kafaɗunsu ka sani. Wani mai rajista da tabarau yana zaune bakin ƙofa. Rabi ta miƙa takarda. Ya duba ya ce, "Ina mai sunan?" Na ce Allah ya yi masa rasuwa. Ya yi min ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ce zan iya zama in saurara, amma na'urorin ƙirgaggu ne, da suna aka ware su, maginan da za su yi aiki da su kawai za a ba. Na wanda ya rasu za a mayar Yamai. Na zauna a bayan ɗaki.

Shugabar malaman mace ce, Madam Hadiza, 'yar Dogondutsi, ba ta kai Rabi shekaru ba. Ta ɗaga abin kowa ya gani. Kai ne kamar gwangwanin madara, da doguwar waya siririya, da wani ɗan akwati mai fuska biyu kamar agogo, kowace fuska da tsinkenta, gefe kore gefe ja. Kan ake zurawa rijiya, akwatin yana hannun na sama. Ta ce cikin kan akwai abu biyu. Na farko iska mai kyau yake ci, ita ke zama masa 'yar wutar da ke ɗaga tsinken, in ta ragu tsinke ya faɗi. Na biyu hayaƙin inji yake ci, in babu hayaƙi yana kwance, in akwai ya tashi. Ba batir, ba soket, abin da yake nema shi ke ciyar da shi. Ta ce yana tsufa kamar lagwani, in ya yi shekara ɗaya ko biyu sai a sauya cikinsa.

Maza suka yi ta tambaya, in ruwa ya taɓa shi fa, in ya bugi dutse fa. Ni ban san na miƙe ba sai da na ji muryata. Na ce, "Ɗiyata, in ya mutu, ƙaƙa za a sani?" Na ce nawa mijin shiru aka yi masa ya ɗauka lafiya ce. Na ba su labarin yadda na ba ku, har ƙugiyar. Na yi kuka gaban maza, ban ji kunya ba.

Madam Hadiza ta sauko har inda nake. Ta ce, "Inna, na farkon in ya mutu tsinkensa faɗuwa yake yi cikin ja, mutuwarsa ma hani ce. Na biyun kuwa kin kama mu, in ya mutu kwanciya zai yi kamar ba komai. Don haka kullum kafin a zura, a kai shi bakin hayaƙin inji ko na gawayi. In bai tashi ba, a ɗauka gawa ce." Ta sa aka rubuta wannan a saman takardar koyarwa, ba a ƙasa inda yake ba. Na tambaye ta a gefe ko mai sana'a zai iya gane abin caji ya mutu. Ta ce ya danganta da irinsa, wani yana da ɗan haske, wani cikin rana ba a ganin hasken. Ta ce ba za ta yi min ƙarya ba, ba ta sani ba.

Kwana uku ana koyarwa ina bayan ɗaki. Rabi ta roƙi mai rajista, ya ce ba shi ya yi doka ba. Madam Hadiza ta ce za ta rubuta Yamai, amsa za ta zo cikin wata guda. Ni kuwa saura min kwana biyar.

Akwai wani tsoho Bazabarme, Sumana, mai ido ɗaya, wanda kullum yake turo min rabin namansa wai haƙoransa sun fi nawa lalacewa. A rana ta huɗu ta koyarwar ana cin abinci ya kira mai rajista da ƙarfi. Hausarsa a karye take amma kowa ya ji. Ya ce, "Malam mai tabarau, takardar nan, yaushe an rubuta?" Aka duba. Ashe tun kafin girbi aka rubuta ta, ta yi watanni tana yawo ofis-ofis. Sumana ya ce, "Lokacin mutumin yana da rai?" Na ce yana da rai, har gero ya yanka bayan nan. Ya ce, "To an ba shi abu yana da rai, ya mutu bai karɓa ba. Wannan gado ne. Yana da ɗa?" Na ce yana da, kuma magini ne. Ya juya ya ce, "Malam, kai za ka ci gadon marayu? Ni dai ban iya ba, cikina ƙarami ne."

Mai rajista ya ce ba haka dokar take ba. Wani daga Argungu ya ce a kira limamin masallacin bakin titi a tambaye shi. Maza suka ɗauka, kowa na kawo yadda aka raba kayan aikin ubansa, wa ya ɗauki dundurusu wa ya ɗauki igiya. Mai rajista ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce shi bai ce zai ci kayan kowa ba. Madam Hadiza tana gefe tana danne dariya. A ƙarshe aka rubuta sunan Garba ƙarƙashin na ubansa, da sharaɗin ni zan yi gwajin da kowa ya yi, tunda ni zan koya masa.

Aka kai mu wata rijiya bayan gari. Na kai kan na'urar bakin hayaƙi, tsinke ya tashi. Na zura, na jira yadda aka ce, na faɗi abin da na gani. Sau ɗaya na rikice wane tsinke ne na me, Madam Hadiza ta ciro jan farce daga jakarta ta ɗiga a fuskar na hayaƙi. Sumana ya ce da ni namiji ce da ya ba ni 'yarsa.

Muka taso a rana ta takwas cikin goman da Garba ya ba ni. A iyaka, wajen namu, wani soja ya buɗe ƙunshina ya ga waya da akwati mai tsinke, ya ja da baya ya ce kowa ya matsa. Takardar da aka ba mu da Faransanci take, ba mai karantawa. Aka zaunar da mu ƙarƙashin bishiya tun azahar, aka ce sai babbansu ya zo, shi kuma bai zo ba sai da rana ta yi sanyi. Ya ce, "Mama, mene ne wannan?" Na ce a tayar min da babur. Aka tayar, na kai kan na'urar bakin salansa, tsinke ya haye ja. Na janye, ya sauko. Ya karɓa ya gwada da kansa, ya kai bakin motarsu, ya kai bakin tukunyar mai shayi. Ya tambaya ko ana sayarwa, wai iyalinsa na kwana da janareto a baranda. Ya sake mu, amma motocin Jega sun riga sun tashi.

Washegari motar da muka samu ta karye bayan Bunza, ƙafar baya ta fita tana gudu ta riga mu shiga gona. Ba wanda ya ji ciwo. Direba ya tafi neman ƙarfe ya ce yanzun nan, muka wuni muka kwana a wani ƙauye, matan garin suka ba mu tuwon shinkafa. Rabi ta sami Garba a waya. Ya ce yana Fakku tun jiya, alkawari na nan yadda ya faɗa, jibi da hantsi. Rana ta goma ta ƙare mana a Jega. Da asuba muka nemi motar Kebbe, ba mu biya gida ba, daga Kebbe muka hau babur.

Tun daga nesa na ga taron mutane bakin rijiyar, mata da jarkoki a layi. An kashe inji an fito da shi. Garba ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu. Fitilar ubansa tana ƙasa, na leƙa na gan ta tana ci ƙal. Ya ce, "Inna, sannu da hanya. Kin gani, fitila na ci." Na ce a tayar da injin, na gwada kan a bakin hayaƙi gabansa, aka kashe, na zura. Har rabi tsinken hayaƙin yana kwance. Daga nan ya fara motsi. Kafin kan ya kai inda fitilar take, tsinken ya shige ja ya jingina da ƙarshe.

Garba ya daɗe yana kallon akwatin. Wani daga cikin mutanen gari ya ce, "Wanga abu na Nasara shi zai hana mu ruwa?" Garba ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ce a saro rassan dogon yaro. Aka ɗaure su dami-dami, ana zurawa ana jawowa don a kori iskar. Wuni guda ana yi. Ina zaune a kan turmi da akwati a cinyata, in an huta in zura in duba. Sai washegari da hantsi tsinken ya kwanta ya ƙi tashi, ɗaya kuma ya tsaya cikin kore. Garba ya sauka. Na riƙe akwatin ban ɗaga ido ba har guga ta arba'in da wani abu, sa'ad da na ji an ce ga shi nan. Ya fito laka har wuya.

Da ya wanke jiki ya zo ya zauna ƙasa kusa da turmin. Ya ce, "Inna, tun rannan ina son in tambaye ki. Duk rijiyar da Baba ya shiga ni ka riƙe mai igiya. Don mi kinka aike ni Sanyinna rannan, kan kuɗin akuyar da ba ta kai a yi tafiya ba? Da ina nan da na duba cajin."

Wata biyar yana ɗauke da wannan, ni ina ɗauke da nawa, gida ɗaya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, domin ban san abin da yake nufi ba, har yanzu kuma ban sani ba. Ko mafarki ya yi, ko ya duba abin ya gani ya yi shiru don ya riga ya ba mutane magana, ko kuwa akuyar ce kawai ta dame shi. Na gaya wa Garba yadda aka yi. Da safen nan ubansa ya sha kunu, ya ɗaura igiya a bayan babur, har ya kai zaure ya dawo. Ina tsugune ina wanke ƙwarya. Ya tsaya a kaina ya rage murya ya ce:

"Ige, ki samo ma Garba aike yau, mai nisa. Kada shi biyo ni."